Ku Biyo Ni

Shekara ashirin da shida Malam ya yi yana koyar da aji shida a firamaren da ke bayan tashar mota, kuma a duk tsawon shekarun nan muryarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Murya ce irin wadda Allah kan ba mutum ɗaya a unguwa. In ya daka "Ku biyo ni!" har masu facin taya na bakin tasha sukan amsa masa don tsokana. Da haka sunan ya manne masa, yara da iyayensu kowa Malam Ku-biyo-ni, har Hedimasta ma ranar da ya tashi da fara'a. Bai taɓa jin haushi ba, don ai gaskiya ce. Ya faɗa su bi, ya sake faɗa su sake bi, har karatu ya zauna. Littafi goma sha ɗaya ne a ajin da ke da yara arba'in da bakwai, to da me mutum zai koyar in ba da maƙogwaro ba?

Ko ranar gwaji ma haka yake yi. Yakan rubuta tambaya a allo yana karanta ta da ƙarfi, ya jero amsoshi huɗu, ya maimaita, sannan kowa ya rubuta harafin da ya zaɓa. A wurinsa wannan tausayi ne, don na bayan aji ba sa ganin allon sosai, allon ma duk ya yi furfura. Rabin malaman ƙananan azuzuwa ta hannunsa suka biyo, saboda haka makarantar gaba ɗaya da salonsa take tafiya.

A benci na farko, kusa da taga, nan Aku take zama. 'Yar ƙaninsa ce da ya rasu, a gida ta ce masa Baba, a makaranta ta ce Malam, kuma ba ta taɓa haɗa su ba ko da kuskure. Tun tana shekara uku take maimaita labaran rediyo har da tarin mai karantawa, shi ya sa aka laƙaba mata Aku. Ba ta shiga makaranta da wuri ba saboda jinyar ubanta, amma tun da ta shiga ba a taɓa gwada ta ta zo ta biyu ba. Malam in ya tashi yabonta sai ka rantse shi ya ƙera ta.

Sakandaren gwamnati ɗaya ce a yankin. Sau ɗaya take jarrabawa a shekara, kuma ba ta ɗaukar wanda ya haura shekara sha uku. Sauran makarantun na masu hali ne, ba na 'yar mai ɗinki ba. Aku kuwa sha ukun take ciki, wato ƙofa ɗaya gare ta, kuma sau ɗaya za a buɗe mata.

Saura kwana goma sha bakwai jarrabawar, ruwan sama ya doki Malam a hanya, mura ta sauka masa a maƙoshi. Ya wayi gari ya buɗe baki zai gaida maƙwabci, sai iska kawai ta fito. Ranar kuma Hedimasta ya kawo takardun tambayoyin bara, bugun inji, ya ce a gwada yaran yadda za a gwada su a can. Malam ya raba takardu, ya ɗauki alli ya rubuta KU FARA da manyan baƙaƙe, ya koma ya zauna yana tsotsar lemun tsami.

Kawuna arba'in da shida suka sunkuya. Ɗaya bai sunkuya ba. Aku ta zuba wa bakinsa ido, fensir a hannu, tana jira. Ya nuna mata allo. Ta kalli allon, ta sake kallon bakinsa. Sai da ta waiga ta ga kowa yana rubutu sannan ta sunkuya ita ma. Ya lura da wannan, amma ya ɗauka tausayin rashin lafiyarsa take ji, har ransa ya yi sanyi da irin hankalin yarinyar.

Lokacin hutun tara ya zauna duba takardu, ya fara da tata kamar kullum, don yakan so ya fara da mai daɗi. Goma sha uku cikin sittin. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Ya ɗauka takardar amsoshin da ke hannunsa ce ta wata shekara, ya duba ta yaron da ke zama bayanta, wanda ko sunan kwanaki sai an tuna masa, ya ga talatin da ɗaya. Ya koma kan tata a karo na uku. Duk lissafin da yake lamba ce tsagwaronta ta ci shi. Duk inda aka sa kalma, ko da a lissafin ne, sai ka ce kaza ce ta bi ta kan takardar.

Da aka tashi ya yafito ta da hannu. Ajin ya watse, ya rage daga shi sai ita sai ƙurar da masu shara suka tayar. Ya buɗe littafin karatu a tsakiya, ya nuna mata. Ta kalli hoton manomi da saniyarsa, ta miƙe tsaye, ta karanto shafin tas, da tsayawa inda ake tsayawa, da ɗaga murya inda shi yake ɗagawa. Ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sai dai wani abu ya tsaya masa, idonta bai motsa ba. Ya buɗe wani shafin, ya rufe hoton da tafin hannunsa.

Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ɗaga hannunka kaɗan."

Ya girgiza kai.

"To faɗi mini na farkon kawai."

Ya tashi ya je allo. Ya rubuta kalma biyu da ba su cikin kowane darasi: RUFE ƘOFA. Ya juyo ya harɗe hannu. Ƙofar ajin tana buɗe, iska tana kaɗa ta. Aku ta tsaya gaban allon, ta ambaci haruffan ɗaya bayan ɗaya, duk ta san su kamar yatsunta. Amma su haɗu su zama magana, wannan ya gagara. Ta ce "Rana?" Ta saci kallon fuskarsa. Ta ce "Ruwa?" Sai hawaye.

"Tun yaushe?" ya ce da ragowar muryar da ya tattaro, mai kama da ƙarar takarda.

"Ban taɓa iyawa ba, Malam. Ni in ka faɗa nake riƙewa. Na ɗauka kowa ma haka yake yi, sai a aji huɗu na gane ba haka ba ne, lokacin kuma an riga an ce ni ce ta ɗaya."

Ya zauna a bencin yara, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Yanzu ya gano abin da ya faru, kuma ganewar ta fi rashin sanin ciwo. Sauran yaran da kunnensu bai kai nata ba, dole ta sa sun riƙa lalubar baƙaƙe har suka iya ɗingisawa. Ita kuwa kunnenta bai taɓa barin ta ta buƙaci ido ba. A makaranta shi ke karanta mata, da la'asar in ta kawo aikin gida shi ke karanta mata, yana shan shayi yana jin daɗin yadda take cafke amsa tun bai rufe baki ba.

Kuma ba ita ce ta farko ba. Ubanta direba ne, ya yi shekara ashirin a kan titi, ya koma ga Allah ba wanda ya san bai iya karatu ba sai yayansa. In an miƙo masa takarda sai ya murza ido ya ce, "Yaya, duba mini, idona na ciwo." Tun suna yara a benci ɗaya Malam yake raɗa masa amsa don kada a doke shi. Ya raɗa masa har ya girma, ya karanta masa takardar lasisi, ya karanta masa ta asibiti ranar da likita ya rubuta abin da ya rubuta. Duk a ganinsa zumunci yake yi. Yau ga shi ya yi wa 'yar abin da ya yi wa uban, da murya ɗaya, da kyakkyawar niyya ɗaya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka binne ƙanin nasa.

Suka tafi gida tare. Shagon uwarta ɗaki ne guda a bakin layi, keken ɗinki a ƙofa, ƙyallaye a ƙasa, labule ya raba wurin aiki da wurin kwana. Suna isa uwar ta ɗago daga kan keke da allura a baki, ta cire ta tana dariya.

"Yaya, sannu da jiki. An ce yau masu faci sun huta. Zo ka gani, kai za ka fara sa albarka."

Ta janyo riga daga ƙusa. Yunifom ɗin sakandare ne, fari da shuɗi, an yi masa guga har yana sheƙi. Ta juya bakin siket ɗin ta nuna masa ninki uku da ta yi a ciki.

"Kowace shekara in warware ɗaya. Har aji uku ba ruwana da sabon yadi. Na ga 'yar mai kanti da irinsa na bi ta har gida na auna da ido."

Malam ya so ƙasa ta tsage. Ya yi niyyar ya bari sai gobe, ya yi niyyar ya ce ba komai, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya tura Aku ɗebo ruwa, ya matso kusa don muryar ba ta kai taku biyu, ya faɗa mata.

Ba ta gane ba da farko. "Wace ce ba ta iya ba? Aku? Ita da ke karanta mini awon mutane?"

"Lamba ce, ƙanwata. Lamba ta iya."

"Katin sakamakonta fa? Guda biyar suna cikin akwati. Ni ban san abin da ke jiki ba, Yaya, kai ka karanta mini. Kai ka ce ta ɗaya."

"Ni na ce."

"To ƙarya ka yi mini?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba." Ta ajiye rigar a kan keke a hankali. "Ni da ban taɓa shiga aji ba in ce ban sani ba, a yarda. Kai fa? Da na san haka ne ai da tun tuni na zaunar da ita nan ta koyi yanka. Na hana ta taɓa almakashi, na ce hannunta na biro ne." Muryarta ta karye. "Saura kwana nawa?"

"Sha shida."

"To ka san yadda za ka yi, Yaya. Ubanta ba ya nan, ni kuma ba ni da wani sai kai."

Washegari ya sami Hedimasta a ofis yana fama da rajista. Hedimasta ya saurara, ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da shekara biyar ba ta yi ba, mako biyu ne zai yi? Ni damuwata ma kada maganar ta fita, a ce ta ɗayanmu ke nan." Ya rage murya. "Akwai dai hanya ɗaya. Mai matsalar ido, in da takardar asibiti, akan ware shi a ba shi mai karanta masa tambayoyi. Ni ban ce ka yi komai ba, labari kawai na ba ka."

Mai karanta mata. Malam ya fito kalmar tana yi masa kiɗa a kunne. In dai za a karanta mata, yarinyar nan sai ta cinye sittin ɗin ta nemi ƙari. Bai tsaya tunanin abin da zai biyo baya a sakandare ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Da gari ya sake wayewa ya ɗauki Aku suka hau motar haya zuwa asibitin ido. A hanya ya sunkuya ya raɗa mata, "Za a nuna miki haruffa, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Ki faɗi layi biyu na sama. Sauran ki ce dishi-dishi kike gani, idonki na ciwo." Da kalmomin suka fita daga bakinsa ya ji muryar ƙaninsa a cikinsu, amma ya haɗiye. Aku tana ta kallon waje.

Suka yi awa uku a layi. Da aka kira su, nas ta zaunar da ita, ta rufe mata ido ɗaya da wani abu kamar cokali, ta nuna allon haruffa da sanda. Aku ta faɗi layin farko, ta faɗi na biyu. Malam ya yi gyaran murya. Ta faɗi na uku. Ya sake gyaran murya har nas ta waigo ta ce ko a ba shi ruwa. Aku ta bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya har na can ƙasa, mai kama da ƙwan tururuwa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Baba, ai kai ya kamata mu duba," in ji nas tana dariya. "'Yarka idon shaho gare ta."

A bakin titi ya kasa riƙe kansa. "Me na ce miki? Kin san abin da kika zubar yanzu?"

Ta ɗago, idonta ya cika. "Baba, shi kaɗai ne fa abin da na iya karantawa da gaske. Shi ma in ce ban iya ba?"

Kunya ta rufe shi, dattijo da furfurarsa yana koya wa marainiya ƙarya a gaban asibiti. Suka tsaya har mota biyu suka wuce su.

"Saura sha huɗu," ya ce daga baya. "Gobe da an idar da asuba ki same ni a aji."

Haka suka fara. Kullum kafin mai gadi ya gama shara suna cikin aji, in an tashi kuma su zauna har rana ta yi sanyi. Ya koma da ita inda ya kamata a ce an fara tun aji ɗaya, baƙi da wasali, ba da bi da bu. Abin da ya fi ba shi wahala ba ita ba ce, bakinsa ne. Muryar ta dawo a kwana na huɗu, garau kamar ba ta taɓa tafiya ba, kuma da ya ga ta tsaya a kan kalma sai harshensa ya riga shi. Da ya furta gaɓar farko, shi ke nan, ta cafke ta ƙarasa daga ka. Sai ya koma cizon biro. In tana karatu ya sa shi a tsakanin haƙora ya danne, ya fasa uku a mako guda, leɓensa ya yi shuɗi har yaran aji suna zunɗensa.

Littattafan makaranta kuwa ba su da amfani, don duk suna cikin kanta. Dole ya riƙa ƙirƙiro abin da kunne bai taɓa ji ba. Wata safiya ya rubuta AKUYA TA SAYI KEKE. Ta sa yatsa a ƙarƙashin kalmomin tana ja, leɓenta na motsi, gumi a goshinta. Ta kai ƙarshe, ta tsaya, ta koma farko. Can sai ta fashe da dariya.

"Malam, akuya kuma? Da wace ƙafar za ta tuƙa?"

Ya juya baya yana goge allon da ba ya buƙatar gogewa, don kada ta ga idonsa. Wannan ce magana ta farko da ta shiga kanta ba ta ƙofar kunne ba.

Amma murna ba ta hana shi lissafi ba. Ya riƙa ajiye agogonsa a kan tebur. A kwana na goma, tambaya ɗaya da amsoshinta huɗu tana cin mata minti bakwai. A na sha uku ta dawo biyar. Jarrabawa kuwa tambaya sittin ce cikin minti casa'in. Ya juya lissafin ta kowace fuska, ya ƙi canzawa. Ya fara yi mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ranar jajibiri ta tsaya a kan kalmar "waɗanne" har ya buga tebur, ta firgita ta ce "wanda", ta ce "wanka", ta koma cankar da ya yi kwana goma sha uku yana raba ta da ita. Ya dafe kai. Abinci ma ya daina yi masa ɗanɗano, in ya kwanta ba abin da yake gani sai ninki ukun nan na bakin siket.

"Ki fara da lissafi," ya ce mata da zai sallame ta. "Sannan ki nemi gajerun tambayoyi. In lokaci ya kusa ƙarewa, ki cike sauran da kowane harafi, wataƙila a dace."

"To, Malam."

Ranar Asabar ya jera yaransa arba'in da bakwai ya kai su sakandaren, kowa da fensir biyu. Aka tsayar da malamai da iyaye a bakin ƙofar waje. Ta tsakanin ƙarafan ƙofar ana hango babban zaure, tagoginsa a buɗe. Aka kaɗa ƙararrawa, wuri ya yi tsit. Yara sun fi ɗari uku a ɗaki ɗaya kuma ko tari ba ka ji. Malam bai taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Ya riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu. Ya san da za a bar shi ya tsaya nan inda yake ya ɗaga murya, har bencin ƙarshe za a ji shi, kuma yarinyar da ta fi duk na cikin zauren nan kai za ta nuna musu ko ita wace ce. Wata mata da ke kusa da shi ta ce, "Malam, addu'a kake yi? Sa da nawa." Sai a lokacin ya gane leɓensa motsi yake yi.

Da aka fito, yaransa suka kewaye shi kowa da labarinsa. Aku ce ta ƙarshe. Gefen yatsanta ya yi baƙi da tawadar takarda.

"Na lamba duk na yi. Na kalmomi na karanta goma sha huɗu."

"Sauran fa? Kin cike?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina cikin ta sha biyar aka ce a ajiye fensir. Na kusa gane ta, Baba. Wallahi saura kalma biyu."

A gaban yaran aji ta ce masa Baba, kuma ba ta ma lura ba.

Mako biyar aka yi ana jira. Uwarta ba ta sake tayar da maganar ba, gaisuwa ce kawai tsakaninta da shi, amma rigar tana nan a ƙusa, an lulluɓe ta da leda. Aku kuwa ta zama abin dariya a layi, ba allon shago da take wucewa ba ta tsaya ta haɗa shi ba, a aike ta sayen zare ta yi rabin awa. Malam yana gani, yana jin daɗi, yana kuma jin kamar ana yanka shi, don ya san da a bara muryarsa ta dishe da yanzu wani zance ake yi.

Ranar da aka liƙa sunaye, tun da hantsi bangon sakandaren ya cika. Takarda huɗu ce, suna ɗari da ashirin. Mutane suna ta turereniya, na baya suna ɗage. Wani ya hango shi ya ɗaga murya.

"Ga Malam Ku-biyo-ni! Ku ba shi hanya ya karanta mana da ƙarfi kowa ya ji!"

Aka dare masa. Ya matsa gaban bango, ya gyara tabarau, ya ja numfashi kamar yadda ya saba shekara ashirin da shida. Sai ya ji an riƙe masa hannun riga.

"Baba, bari ni."

Ya dube ta. Ya juya ya ce wa jama'a su yi haƙuri, yau maƙogwaron ba daɗi. Wani saurayi ya karɓi aikin, su kuma suka koma gindin bishiya Aku ta toshe kunnuwanta da yatsu, har aka gama guɗa da koke-koke wuri ya rage.

Sannan ta je. Sunanta ta san kamanninsa tun tuni, kallo ɗaya ya isa ta gane ko yana nan. Amma ba haka ta yi ba. Ta sa yatsa a kan suna na farko ta haɗa shi, ta sauka na biyu. Malam yana tsaye a bayanta, idonsa ya riga ya bi takardu huɗun sau biyu tun tana rabin ta farko, ya ga abin da ya gani. Ya laluba aljihu ya ciro biro ya sa a baki. Rana ta take, inuwar bangon ta janye ta bar su a fili. Duk inda ta ci karo da ɗan ajinsu sai ta ce, "Ga namu," ta ci gaba. A takarda ta huɗu yatsan ya rage sauri. Ta kai suna na ƙarshe, ta ɗan ja yatsan ƙasa inda ba komai sai farar takarda.

"Namu goma sha tara ne," ta ce ba ta juyo ba. "Ni babu ni, Baba. Na karanta duka, ko ɗaya ban tsallake ba."

Ya cire biron daga baki zai yi magana. Muryar tana nan lafiya lau, abin faɗa ne babu.

Ta goge yatsan a jikin zanenta. "Kada ka faɗa wa Mama. Ni zan faɗa mata."

Hanyar gida ta bakin tasha take bi. Masu faci suna hango shi suka ajiye guduma suka haɗa baki, "Ku biyo ni!" suna jiran ya ɗaga musu hannu kamar kullum. Bai ko waiga ba. Aku tana gaba, shi kuma yana biye da ita.